Ridi Ba Ya Jiran Mai Gona: Darasin Rajista, Jadawali da Jarrabawa Daga Gedambaliya

Duk wanda ya taɓa noman ridi, wanda wasunmu ke kira lamti, ya san halinsa. Idan ya nuna, ganyensa ya soma rawaya, kwanaki kaɗan ne suka rage wa manomi. In ya yi jinkirin yanka, sai kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa, wahalar damina guda ta zama rabon tsuntsaye da tururuwa.

Mutanen Gedambaliya, garin manoma da ke yamma da birnin Gadarif a gabashin ƙasar Sudan, ba su bukatar a karanta musu wannan. A filayensu ne aka fara noman damina da tarakta a Sudan, a tsakiyar shekarun 1940, lokacin da Turawan Ingila ke neman dawar da za su ciyar da sojojinsu na Gabashin Afirka. Tun daga nan yankin ya zama rumbun dawa da ridi na ƙasar baki ɗaya. Hausawa na cikin waɗanda suka zuba wa wannan baƙar ƙasa gumi. Wasunsu jikokin maniyyata ne da suka taso a ƙafa daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Damagaram, suka yada zango don neman guzuri, har zangon ya zama gida. Wasu kuwa zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da jama'a har bakin kogin Nilu.

Yau jikokin waɗannan mutane, maza da mata, suna cikin jami'a. Karatun jami'a kuwa shi ma amfanin gona ne, yana da ranar shuka da ranar yanka. Abin da ɗaliban Sudan suka gani a ƴan shekarun nan ya nuna cewa sau da yawa shekarar ɗalibi takan salwanta tun bai shiga ɗakin jarrabawa ba: ranar rajista ta wuce, takarda ta ɓace, ko uzuri bai isa ofis a kan lokaci ba. Wannan darasi ya shafi kowane gida mai ɗa ko ɗiya a jami'a, a Maraɗi yake ko a Zariya.

Yadda kalanda ta tsinke

An kafa Jami'ar Gadarif a 1994, cikin jerin jami'o'in jihohi da gwamnatin Sudan ta buɗe daga 1990 zuwa gaba. Kafin nan, yaron da ya ci jarrabawa a wannan yanki, galibi sai ya nufi Khartum, tafiyar kilomita kusan 400, ko Wad Madani inda Jami'ar Jazira take tun 1975. Zuwan jami'a kusa da gida, da tsangayoyinta na noma, koyarwa, tattalin arziki da likitanci, ya sauƙaƙa wa iyaye da yawa, musamman masu ƴaƴa mata waɗanda ba su son su yi nisa.

Sai dai kusancin wuri bai hana nisan lokaci ba. A Disamba 2018, da zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar gwamnatin Umar al-Bashir ta ɓarke, an rufe jami'o'in ƙasar, suka shafe mafi yawan shekarar 2019 a kulle. Ba a jima da komawa ba, a Maris 2020, annobar korona ta sake rufe su. Sa'an nan ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Ɗalibai da yawa da suka shiga jami'a a 2018 da niyyar karatun shekara huɗu, yaƙin ya tarar da su ba su gama ba.

Birnin Gadarif bai faɗa hannun RSF ba, amma ya ɗauki nauyin waɗanda suka faɗa. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, da kuma Sinja a ƙarshen Yuni 2024, dubun dubatar mutane suka kwararo gabas, makarantu suka zama masauki. A 2023 ma'aikatar ilimi mai zurfi ta bayyana cewa cibiyoyi fiye da 100 ne aka lalata ko aka wawashe. Jami'o'in Khartum da Jazira suka koma koyarwa ta intanet, suna kiran ɗalibansu su zauna jarrabawa a cibiyoyin wucin gadi, wasu a garuruwan da ke zaune lafiya, wasu a ƙasashen waje. Ita kanta jarrabawar kammala sakandare, wadda ita ce ƙofar jami'a, ɗaliban 2023 ba su zauna ta ba sai ranar 28 ga Disamba 2024, na 2024 kuma sai ƙarshen Yuni 2025. Bayan sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairu 2025 da Khartum a Maris na shekarar, jami'o'i suka soma shirin komawa mazauninsu, wanda hakan ya sake jawo wa ɗalibai sabon sauyin wuri da sabon jadawali.

Babu ɗalibin da ke da iko a kan yaƙi ko annoba. Amma cikin wannan ruɗani akwai abubuwan da ke hannun ɗalibi da iyayensa, kuma su ne sau da yawa ke raba wanda ya ci gaba da wanda ya tsaya.

Ƙofar farko: neman gurbi da rajista

A Sudan ba jami'a ce ke zaɓen sababbin ɗalibanta kai tsaye ba. Akwai babban ofishin karɓar ɗalibai a ma'aikatar ilimi mai zurfi, shi ke rarraba gurabe bisa kason makin da yaro ya samu a jarrabawar sakandare. Ta intanet ake cike takardar, ɗalibi ya jera tsangayoyin da yake so, na farko kafin na biyu. A nan kuskuren farko yake faruwa. Yaron ƙauye da bai saba da kwamfuta ba yakan miƙa lambarsa ga mai shagon intanet a gari, ya zauna gefe yana kallo. Mai shagon, da layin mutane a gabansa, sai ya jera zaɓin yadda ya sauƙaƙa masa. Wani yaron kuma yakan cika takardar da likitanci da injiniya kawai, alhali makinsa bai kai ba, ya fito ba gurbi ko ɗaya. Maganin wannan shi ne a zauna a gida tun da wuri, a nemi makin da kowace tsangaya ta karɓa a bara, a rubuta jerin zaɓin a takarda, yaro ya karanta abin da aka shigar da idonsa kafin a tura.

Fitowar suna ba ita ce rajista ba. Sabon ɗalibi, wanda manyansa ke zolaya da sunan barlum, sai ya je ganawa da kwamitin tsangaya, likita ya duba shi, ya biya kuɗi, a ba shi lamba da kati. Duk wannan cikin kwanakin da aka ƙayyade ake yin sa. Kuma ba sau ɗaya ake rajista ba. Kowace shekara ana sabunta ta. Wanda ya zauna aji bai sabunta ba, a idon ofis baƙo ne.

Akwai kuma matsalar suna, wadda ta fi damun gidajen Hausawa. Takardun Sudan suna huɗu suke ɗauka: na mutum, na mahaifi, na kaka, na kakan uba. Sunan da ake kira Abubakar a gida, malamin firamare zai iya rubuta shi Abbakar. Usumanu ya koma Usman. Wani wurin a tsallake sunan kaka. Idan sunan da ke takardar sakandare ya saɓa da wanda ke lambar ɗan ƙasa, ko da harafi guda ne, ranar karɓar shaidar digiri sai an tsaya. Bugu da ƙari, an daɗe da sanin cewa Hausawa da Fulanin Sudan, har waɗanda kakanninsu suka zauna fiye da shekara ɗari, sukan gamu da ƙarin bincike wajen neman takardar zama ɗan ƙasa. Saboda haka uba mai hangen nesa tun yaro na sakandare yake gama wannan ɗawainiya. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Idan kuɗi ya gagara

Kuɗin manomi bayan girbi yake shigowa, ranar rajista kuwa ba ta duba ko an kai ridi kasuwar Gadarif. Abin da yara da yawa ke yi idan kuɗi bai samu ba shi ne su yi shiru. Kunya ta hana su gaya wa ofis, tausayi ya hana su matsa wa uba. Su zauna gida da zaton in hali ya samu sai su koma.

Wannan shirun shi ne babban haɗari. A ƙa'idojin jami'o'in Sudan akwai abin da ake kira tajmid, wato dakatar da shekara. Ɗalibi ya rubuta takarda ya bayyana uzurinsa, rashin lafiya ne ko rashin kuɗi ko wata lalura ta gida. In an amince, gurbinsa na nan a ajiye har ya dawo. Wanda kuwa ya ɓace ba takarda, ana iya lissafa shi a matsayin wanda ya bar karatu, a soke sunansa. Su biyun duka shekara ɗaya suka yi a gida, amma ɗaya ya dawo ya tarar da kujerarsa, ɗaya ya dawo yana roƙo. Dakatarwar tana da iyaka, kuma tana da lokacin da ake neman ta, don haka ya kamata a tambayi magatakardar tsangaya tun ranar da matsalar ta kunno kai.

Kafin a kai ga dakatarwa ma akwai ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. Ofishin kula da harkokin ɗalibai yakan saurari buƙatar raba kuɗin makaranta kashi-kashi. Asusun ƙasa na kula da ɗalibai, wanda ke riƙe da gidajen kwanan ɗalibai a jihohi, da ofishin zakka, duka wurare ne da ɗan talaka ke da haƙƙin kai kukansa. Ba kowa ke samu ba, amma wanda bai nema ba ya riga ya rasa.

Haka zancen yake ga ɗalibar da aure ko haihuwa ya same ta tana tsakiyar karatu. Idan maigida da iyaye sun yarda ta ci gaba, to cikar yardar ita ce a tabbatar takardar dakatarwa ta isa ofis kafin ta kwanta jego. Mata nawa ne suka rasa shekara biyu ko uku na wahala, don kawai ba wanda ya kai musu takarda guda?

Jadawalin jami'a da jadawalin gona

Shekarar Gedambaliya sananniya ce. Ruwa ya sauka a Yuni ko Yuli, a yi shuka. Baƙar ƙasar nan mai danƙo ta jiƙe, ta riƙe ƙafar mutum da tayar mota, har wanda ke nesa da kwalta ya yi kwanaki bai fita ba. A Oktoba a shiga yankan ridi, daga Disamba a kama girbin dawa. Da yake rufe-rufen da aka yi sun jirkita kalandar jami'o'i, zangon karatu na iya faɗowa a kowane wata, jarrabawa ta zo tsakiyar laka ko tsakiyar girbi.

Mu ɗauki misali. Ga yaro a shekara ta biyu. Ridi ya nuna, ƴan ƙodagon da sukan tsallako daga Habasha ta Gallabat sun yi ƙaranci, uba ya aika masa ya zo. Yaro ba zai iya ce wa mahaifinsa a'a ba, sai ya tafi mako biyu. Abin da uban bai sani ba shi ne, jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 na darussa. Wanda ya gaza haka sai a hana shi zama jarrabawar wannan darasin, komai ƙoƙarinsa. Da yaron ya kawo jadawalinsa gida tun farkon zango, ya ce: "Baba, ga ranakun da ba zan iya fashi ba, Juma'a da Asabar kuwa ina nan tare da ku," da an san yadda aka yi. Ba ƙin biyayya ba ne ɗa ya nuna wa mahaifinsa takarda. Uban da ya san ranar da ridinsa zai fashe zai gane zancen ranar da ba ta ɗaguwa.

Wahala ta biyu ita ce jadawalin da ke sauyawa. Lokacin yaƙin, sanarwar darasi da ta jarrabawa ta koma waya, ta WhatsApp da Telegram. A Fabrairu 2024 layukan sadarwa suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan na tsawon makonni. A farkon 2025 kuma hare-haren jirage marasa matuƙa a kan tashoshin lantarki suka jefa jihohi da dama cikin duhu, har da Gadarif. Wanda ya dogara da wayarsa kaɗai, a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun layi, ya sha ji daga baya cewa an yi jarrabawa jiya. Dabarar da ta fi amfani tsohuwa ce: ɗalibi ya ƙulla amana da abokan karatu biyu ko uku da ke zaune a gari, waɗanda za su duba allon sanarwa su aiko masa da saƙo ko ta hannun direban mota ne. Ya kuma bambance jita-jita da sanarwa. Abin da ba shi da sa hannu ko hatimin tsangaya, labari ne kawai, sai an tabbatar.

Sa'an nan wanda ke bin darasin da ya faɗi a bara, ya duba tun makon farko ko lokacinsa ya ci karo da na bana. In ya ci karo, ranar da ya gani ya kai wa shugaban sashe. Gyaran jadawali a makon farko abu ne mai sauƙi. Ana gobe jarrabawa kuwa ba mai iya yin sa.

Jarrabawa: sanin sunan abin da ya same ka

Akwai kalmomi biyu da ya kamata kowane uba mai ɗa a jami'ar Sudan ya riƙe: mulhaƙ da badil. Mulhaƙ ita ce jarrabawar gyara, wadda ake ba wanda ya faɗi darussa kaɗan. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci sun san irinta da sunan rattrapage. Ko ɗalibi ya yi bajinta a cikinta, galibi makin tsira kawai ake rubuta masa. Badil kuwa madadi ce, ta wanda bai zauna jarrabawa ba saboda uzurin da jami'a ta karɓa, kuma cikakken makinsa ake ba shi kamar wanda ya zauna tun farko.

Abin da ke raba su takarda ce. Yankin Gadarif wuri ne na zazzaɓin sauro da cutar kala-azar. A Satumba 2023 ma a nan aka ayyana ɓarkewar kwalara. Rashin lafiya ranar jarrabawa ba baƙon abu ba ne. Amma yaron da ya kwanta a gida aka yi masa jiƙe-jiƙe har ya warke, ya tashi ba shi da abin nunawa. A wurin ofis, fashi ya yi. Wanda aka kai asibiti, aka karɓi rahoton likita mai kwanan wata da hatimi, aka miƙa wa tsangaya cikin wa'adin da ta sa, shi ne mai uzuri. Wa'adin nan gajere ne, kuma majinyaci ba ya iya kai kansa. Aikin wa ne ko ƙane ko kawu ya ɗauki takardar ya shiga mota. Haka in rasuwa aka yi a gida, ko hanya ta yanke: a sanar a rubuce, tun abin yana ɗanye.

Idan sakamako ya fito, kada ɗalibi ya tsaya ga jin cewa ya wuce. Ya duba darasi bayan darasi. Akan samu makin da bai fito ba, ko a rubuta mutum bai zo ba alhali ya zauna, musamman inda aka yi jarrabawar a cibiya mai nisa aka yi jigilar takardu. Don haka sa hannu a takardar halarta, da rubuta lamba daidai a kan littafin amsa, ba ƙaramin abu ba ne. In an ga kuskure, akwai tsani da ake bi: malamin darasi, shugaban sashe, magatakardar tsangaya, shugaban tsangaya, daga nan ofishin harkokin karatu na jami'a. Wanda ya tsallake matakala ya faɗa ofishin sama, ƙasa za a dawo da shi, kwanaki sun tafi.

Kuka a rubuce ake kai shi. Takarda gajera: suna cikakke, lamba, sunan darasi, ranar jarrabawa, abin da ya faru, abin da ake roƙo. Ba zargi, ba zagi. A yi ta biyu, a ba da ɗaya, a roƙi a buga hatimin karɓa a kan ɗayar a dawo da ita gida. Musulmi bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Kariya ce ga mai nema da wanda ake nema wurinsa.

A irin wannan matsi ne kuma masu cewa "kawo wani abu in gyara maka" suke fitowa. Iyaye su ja kunnen ƴaƴansu, su ma su ja nasu. Makin da aka saya, da satar amsa, ban da haramcinsu, hukuncinsu a jami'a na iya kaiwa ga kora. Faɗuwa a darasi guda tana da magani a cikin ƙa'ida. Kora ba ta da shi.

Jakar takardu

Babban abin da yaƙin 2023 ya koya wa ɗalibai shi ne cewa ofis ma yana iya ƙonewa. Waɗanda suka baro Khartum da kayan jikinsu kawai, har da ɗaruruwan ɗaliban Najeriya da aka kwaso ta Masar da Port Sudan a watan Mayu na shekarar, duk jami'ar da suka nufa neman a karɓe su, tambayarta ta farko ita ce shaidar abin da suka karanta. Mai shekara huɗu a likitanci, in ba takarda, bakinsa kaɗai ne shaidarsa.

Saboda haka kowane gida ya tanadi jaka guda, wadda ruwa da gara ba su shiga. A cikinta a ajiye takardar haihuwa, shaidar sakandare, takardar samun gurbi, rasidin kowane biya, kwafin katin ɗalibi, da bayanin maki na kowace shekara, wanda ya kamata a nema duk ƙarshen shekara ba sai an gama ba. Kuɗin da aka biya ta waya, irin su manhajar Bankak, a fitar da shaidarsa a takarda, domin waya takan faɗi, takan ɓace. A ɗauki hoton kowace takarda a aika wa ɗan'uwa amintacce a wani gari. Uwar gida, wadda ta saba ajiyar abin da ba a so ya ɓace, ko ba ta karatun boko, ta fi kowa dacewa da riƙon wannan jaka.

Abin da ya rage wa iyaye

Wataƙila mai karatu ya ce wannan labarin Sudan ne. To amma a Najeriya yajin aikin malaman jami'a ya rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, wata takwas cur. A Nijar kuma iyayen da suka kai yara Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010, sun san yadda shekarar karatu kan hau kan wata, mai sabuwar bak ya zauna watanni yana jiran a kira shi. Sunayen ofisoshi sun bambanta, ƙa'idoji ma haka, amma ko'ina akwai ranar rufe rajista, akwai hanyar dakatar da karatu, akwai wa'adin kai uzuri.

Yawancin iyayenmu tambaya ɗaya suke yi wa ɗalibi idan ya zo hutu: "Yaya karatu?" Shi kuma ya amsa: "Alhamdu lillahi." Zance ya ƙare. Ya kamata a ƙara wasu a kai. Ka sabunta rajistar bana? Ina rasidin? Yaushe ne jarrabawa? Akwai darasin da ke binka? A yi tambayar da sakin fuska, domin yaron da ya san faɗa zai sha in ya ce ya faɗi darasi, ɓoyewa zai yi, har lokacin gyara ya wuce. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo ba zai ɓoye shi ba.

Su kuma ɗalibai, su nemi littafin ƙa'idojin jami'arsu su karanta shi tun shekarar farko, kamar yadda suke karanta darasi. Da yawa ba su buɗe shi sai ranar da aka karanta musu hukunci daga cikinsa. Waɗanda suka yi gaba su kama hannun na baya. Wanda ya gama daga unguwa ko ƙauye, ya ware yini guda ya zauna da masu shirin shiga, ya nuna musu ofis-ofis da ranaku.

Kakannin wasu Hausawan wannan yanki sun yi shekaru a kan hanyar Makka. Sukan tsaya su yi noma, su tara guzuri, su ƙara gaba, ba su ɗauki tsayawa a matsayin fasa tafiya ba. Ɗalibin da yaƙi ko talauci ko ciwo ya tsayar, shi ma bai fasa ba, muddin sunansa na cikin rajista, takardunsa na cikin jaka. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya sa wa karatun ƴaƴanmu albarka.